Ranar da Hedimasta Ya Ɗaga Hannu

Seshego, Polokwane,
Talata, cikin watan Maris.

Zuwa ga yayata abin alfaharina, Sesi Mosima,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki Ramokone, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ubangiji ya ci gaba da riƙe ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a aikinki. Yaya gwiwar? Kin ce sanyin Kanada ya shige ta ya yi zamansa, to ki daure ki riƙa shafa man nan da na aiko miki, kada ki ce ke ma'aikaciyar jinya ce kin fi ƙarfin maganin gida. Mu nan zafi ke gasa mu, amma an samu ruwa bana, masarar Mma, mahaifiyarmu, a ƙauye ta yi kyau har tana cika baki wai duk Mashashane ba mai irin tata. Lafiyarta lau in ban da idon hagun nan, kuma har yanzu ba ta sasanta da awakin maƙwabta ba. Yayanmu Phetole ya zo makon jiya, ya ƙara ƙiba. Matarsa ta hana shi kitse, shi kuwa gidana yake zuwa ya rama.

Na san abin da kike jira, don kin sha tambayata a waya ina kauce miki. Ba ƙin faɗa nake ba, labarin ne ya fi ƙarfin waya, ga shi duk lokacin da kika kira maigidan yana gefena, ya buɗe jarida yana yi kamar ba ya ji. Yau ya fita, sai mun kai ƙarshe zan gaya miki inda ya tafi. Ki haɗa shayinki ki gyara zama.

Kin san tun da ɗana Lesiba ya ajiye aikin koyarwa ya kama hayar fili a hanyar Tzaneen ya buɗe wurin wasan harbin fenti, tsakaninsa da babansa sai gaisuwa, ita ma a tsaitsaye. Maigidana Malesela mutum ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a makaranta, har yau da ya yi ritaya duk Seshego Hedimasta ake ce masa, ni ma in ina jin tsokana haka nake kiransa. A ce ɗansa na fari ya ajiye alli ya koma tara ƙarti a daji suna watsa wa juna fenti, abin ya tsaya masa a wuya ya ƙi wucewa. Ana cikin haka sai ga maganar Mapula, yarinyar nan mai haɗa magunguna a asibiti da na turo miki hotonta. Phetole, a matsayinsa na kawun yaro, shi zai jagoranci masu zuwa neman aure, har ya kai kwat ɗinsa wanki, amma ba shi da ikon ɗaga ƙafa sai uban yaro ya ce a je. Uban yaro kuwa ya rantse ba zai tura dattawa su zauna gaban mutanen kirki, a tambaye su sana'ar ɗansu, su buɗe baki su ce wasa ba. Mahaifin Mapula ya yi haƙuri har ya gaji, ya aiko cewa in Ista ta wuce bai ga kowa a ƙofarsa ba zai ɗauka ba da gaske ake ba, 'yarsa kuma ta karɓi aikin da ake mata tayi a Durban. Sesi, na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi har na daina sa masa sukari a shayi. Ya shanye abinsa haka nan.

Ni kaina ban taɓa taka filin ba, don gudun ɓacin ran maigida, sai wata Asabar da na soya magwinya, fanken nan namu, cike da kwano na ce bari in kai wa yaron nan, ramar da ya yi ba ta yi mini daɗi ba. Na tarar da wasu mata ma'aikatan banki sun zo wasa, mutum ɗaya suke nema kafin ɓangarorin su yi daidai. Wata mai bakin tsiya a cikinsu ta dube ni ta ce, “Mma, ajiye kwanon nan ki zo ki cike mana, ba gudu za ki yi ba, ɓuya kawai za ki yi bayan taya.” Lesiba ya yi tsalle ya ce ina, uwarsa ce, hawan jini gare ta. Wannan hawan jinin da ya tona mini a gaban mutane shi ya tunzura ni, na ce a ba ni kayan. Aka sa mini riga da wando a haɗe, da takunkumi mai gilashi da ke rufe fuska har kunnuwa, aka miƙo mini bindigar haya. Su 'yan wasan ba sa son a ce bindiga, wai ba kisa take ba, shaida take sa wa mutum, amma ni ba ni da lokacin wannan iyayin. Wata 'yar tukunyar iska ce a gindinta ke tura ƙwallayen, masu girman 'ya'yan inabi, wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa ya bar fenti, shi ke nan ya fita.

Na laɓe bayan tayar tarakta kamar yadda aka ce, ina karanto Zabura a zuci. Can sai na hango wata tana rarrafowa ta cikin ciyawa. Na rufe ido ɗaya na ja kunama, sai ga ruwan ɗorawa ya fashe a ƙirjinta, ta ɗaga hannu ta fita. Sesi, tun ranar da muka ci gasar ƙwallon raga a sakandare ban sake jin daɗi irin wannan ba. Na manta da shekaruna, na miƙe tsaye ina guɗa, nan take aka ɗirka mini ɗaya a dantse. Da zafi kam, kamar an ja roba an sake maka, amma kafin in gama sosawa har na tambayi yaushe za a sake shiga. Daga ranar duk Asabar ina can, kuma ban ɓoye wa Hedimasta ba. Ya ce wannan cuta ashe daga wajen uwa yaron ya gado ta.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne tabo. Inda ƙwallon ya buga sai ya bar wani zagaye baƙi-baƙi, ya yi kwanaki bai baje ba. Ranar Alhamis na je Zumuntar Mata da farar rigarmu mai gajeren hannu, matar fasto ta ƙura wa dantsena ido. Mako na gaba ga wani a kafaɗa. Sai matan suka ja ni gefe. Na gaya musu gaskiya, wasan harbi nake zuwa a daji. Suka dubi juna cikin tausayi, wata ta dafa ni ta ce sun sha jin ƙofa ce ta buge ni, sun sha jin santsi ne a banɗaki, amma wannan tawa sabuwa ce. Ban ga laifinsu ba, da ma a ce haka ake tsaya wa kowace mace. Ranar Lahadi da la'asar sai ga matar fasto da dattawan coci biyu a falonmu. Aka buɗe da addu'a, aka karanto inda aka ce maza su ƙaunaci matansu, Hedimasta na gyaɗa kai yana cewa gaskiya ne, mazan yanzu sai addu'a. Sai da aka yi nisa sannan ya gane da shi ake. Mutumin da bai taɓa nuna ni da yatsa ba! Ya cire tabarau ya mayar, ni kuwa ina kicin na toshe baki da tsumma don kada a ji dariyata. Da suka tafi ya kira ni, ya ce wannan wasa ya raba shi da ɗansa, yanzu kuma ya taɓa masa suna, don haka zai je da ƙafarsa ya shiga ciki, ya samu bakin da zai kushe shi da hujja.

A lokacin ni ma na gaji da bindigar haya, ina shirin sayen tawa. Lesiba ya riga ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce kada mutum ya sayi komai sai ya yi wasa da kayan haya ya san irin ɗan wasan da yake, mai gudu ne ko mai laɓewa. In ya tashi saye kuwa, ya fara da takunkumi, mai gilashi biyu wanda tururi ba ya rufewa, bindiga ta biyo baya, don wanda ba ya gani ko ta zinariya aka ba shi itatuwa zai yi ta harbi. Na ari ta mutane na gwada. Akwai mai batir, tana zazzago ƙwallaye kamar ruwan sama, ga daɗin harbi, amma tana cin ƙwallo ba tausayi kuma sai an lallaɓa ta. Akwai wadda sai ka ɗana ta da hannu kafin kowane harbi, wannan ta ƙwararru ce masu haƙuri, ni na san halina. Sai ta tsakiya, ba batir ba kwalliya, tsumma da ɗigon mai sun ishe ta, in zoben robar cikinta ya lalace akwai shi a kowane shagon wasan. Lesiba ya ce ko ita ɗin, in ɗora ta a kafaɗa in zagaya shagon da ita, in hannuna ya gaji a shago to a daji mutuwa zai yi.

Hedimasta ya ce shi ba zai sa fuskarsa cikin abin da gumin duk garin ya jiƙa ba, nasa zai saya, kuma ba zai tambayi shawarar kowa ba, kin dai san wa yake nufi da kowa. Muka je shagon tare. Ni na ɗauki 'yar madaidaiciyata mai sauƙi, na yi ta zagaye da ita a kafaɗa ina gaisa da mutane. Shi kuwa kai tsaye ya nufi bango, ya nuna wata baƙa doguwa mai kama da ta sojoji, har da madubin hange a samanta. Mai shagon ya ce, “Ranka ya daɗe, tana da nauyi fa.” Ya ce ya ɗauki nauyin makaranta guda da malamanta da iyayen yara, ƙarfe ba zai gagare shi ba. Da aka zo kan takunkumi sai ya ɗauki mafi araha, wai gilashi ai gilashi ne. Na buɗe baki zan yi magana, ya dube ni ta saman tabarau, na haɗiye abata. Da muka dawo gida ya zauna a baranda ya karance littafin bayanin bindigar daga bango zuwa bango da jan biro a hannu, sannan ya sa ni na goge masa kayan wasan da dutsen guga har sai da kari ya fito a wandon.

Asabar ta zo, filin ya cika, kuma ashe kusan rabin masu zuwa wurin tsofaffin ɗalibansa ne. Ga ɗan sanda, ga likitan haƙori, ga Madimetja mai motocin haya, wanda kika sani, ɗan gidan mai gyaran takalmi, wanda ya addabi makarantar a zamaninsa. Suna ganin wanda ya fito daga mota sai hira ta mutu, ƙato da tumbi da gemu ya shiga tura riga cikin wando, wani ya jefar da sigari ya take. Lesiba ya taho fuskarsa ta canja, ya ce, “Papa, sannu da zuwa.” Uban ya ce ɗan wasa ne ya zo kamar kowa, ya je ya yi aikinsa. Mapula tana can bayan tebur tana cika wa mutane tukwanen iska, don duk ƙarshen mako takan zo ta taimaka. Ta durƙusa ta gaishe shi kanta a ƙasa, ya amsa ta hanci.

Lesiba ya tara mu a inuwa ya karanto dokoki, kamar yadda yake yi kafin kowane wasa ko da mutum ya ji su sau ɗari. Bakin bindiga a rufe yake da safarsa muddin ana wajen ragar da ta kewaye fili. Takunkumi ba ya barin fuska a cikin fili, ko kudan zuma ne ya shige shi, domin ƙwallon da ke barin tabo a dantse ido yake fasawa. Sannan in ƙwallo ya fashe a jikinka, ko a takalmi, ko a kan bindiga, ka ɗaga hannu ka ce “na fita,” ko alƙali ya gani ko bai gani ba. Na saci kallon Hedimasta, na ga yana sauraro da kai a karkace, yadda yake yi in ya shiga aji duba sabon malami.

Aka busa usur. Sesi, ga zafin Maris, ga tabarau a cikin takunkumi mai araha, ba a je ko'ina ba tururi ya rufe masa gani ruf. Ga bindiga tana rinjayarsa gaba. Ya juye wa wani kututturen itace rabin ƙwallayensa, yana ba shi umarni ya miƙa wuya. Muna ta dariya a ɓoye, sai dariyar ta koma ciki, domin a tsakiyar fili, ƙwallaye na shawagi ta ko'ina, mutumin nan ya miƙe tsaye ya tura takunkumin goshi zai goge tabarau. Ban taɓa ganin Lesiba ya yi gudu irin na ranar ba. Yana busa usur yana ihu a tsaya, ya faɗo gaban ubansa ya kare shi da jikinsa, ya janyo takunkumin ƙasa da hannunsa, ƙwallaye biyu suka fashe masa a gadon baya. Sai na ji ya ce, “Papa, ka fita. Wanda ya buɗe fuska a fili ba ya sake shiga sai wasan ƙarshe.” Uban ya ce ko ya san da wa yake magana. Lesiba ya ce ya sani, shi ya sa ma, kuma dokar ba ta da uba. Hedimasta ya tsaya kamar an dasa shi, gaban ɗaliban da ya sha kora daga taron safe, sannan ya juya ya fita yana jan bindigarsa.

Ni dai na ce shi ke nan, aure ya mutu, Mapula sai Durban. Na bi shi, ya kore ni da hannu, ya ce in koma in ƙarasa abin da na fara. Ya zauna ƙarƙashin bishiyar marula a bayan raga, ya haɗe rai, kowa na kewaye shi daga nesa. Mapula ce kaɗai ta yi ƙarfin hali. Ta kai masa ruwan sanyi ta durƙusa, ta ajiye nata takunkumin a gefensa, ta ce, “Papa, wannan ba ya tururi, kuma tabarau yana zama a cikinsa.” Ko taɓa shi bai yi ba. Na koma fili zuciyata a jagule, har aka fitar da ni sau biyu ban harbi kowa ba. Amma duk lokacin da na waiwaya sai in ga bai tafi mota ba. Can na ga ya daina duban agogo. Can kuma na ga ya tashi ya matso jikin raga ya riƙe ta da yatsu, yana kallon wani abu a bayan suri.

Da aka kira wasan ƙarshe, na ɗaukar tuta, sai ga shi ya taho sanye da takunkumin Mapula. Baƙar doguwar ya jingine ta a gindin marula, ya ɗauki ta hayar da ya rena. Aka sa shi a ɗaya ɓangaren, ni kuwa nawa suka bar ni gadin tuta tunda ba ni da gudu. Abin da duk muka manta shi ne, mutumin nan ya yi shekaru yana sanɗar masu shan sigari a bayan makewayin makaranta, ba a taɓa jin takunsa ba. Yayin da samari ke ta ɓarin wuta a gaba, alƙali ma yana can wurinsu, shi ya bi ta busasshen rafi ya zagayo ta bayanmu. 'Yan ɓangarena suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya har ya rage saura ni kaɗai bayan tayata. Sai na ga ciyawa na motsi dab da tuta. Fuska a rufe take, amma mutum ɗaya ne a duk lardin Limpopo zai yi rarrafe da wando mai kari. Na ce Ubangiji ka gafarta mini, na ja kunama.

Ni kaina ban san na same shi ba. Ya riga ya miƙa hannu, yatsunsa na shirin taɓa sandar tuta, 'yan ɓangarensa da suka hango shi sai ihu suke, “Ɗauka, Malam! Ɗauka!” Ashe ƙwallon ya fashe masa a cikin dantse, ta wajen hammata, inda ba mai gani, da ya matse hannun a jikinsa ma da rigar ta shanye fentin. Na ga ya tsaya. Na ga ya leƙa ƙarƙashin hannunsa. Sannan ya janye yatsunsa daga tutar, ya miƙe a hankali, ya ɗaga hannu sama, ya ce “Na fita!” da muryar nan da ake ji har bakin titi in yana taron safe. Lesiba ya sheƙo a guje yana cewa shi bai ga komai ba, wa ya same shi? Hedimasta ya nuna tayar da nake laɓe ya ce, “Uwarka.” Filin ya kece da dariya, har da masu kwanciya a ƙasa, ni kuwa hawaye ne suka cika mini takunkumi, mai gilashi biyun ma bai hana ba.

Bayan an tashi aka hura wuta aka ɗora nama, Mapula ta tuƙa tuwon masara. Ana cikin ci sai Hedimasta ya yi gyaran murya, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, sabo ba ya fita. Ya kira Madimetja, ya tambaye shi wa ya fasa tagar ɗakin gwaje-gwaje a shekarar da aka shanya makaranta gaba ɗaya a rana ba wanda ya amsa. Ɗan banzan ya sosa ƙeya ya ce, “Malam, ai har yau ana kan bincike.” Aka yi dariya. Hedimasta bai yi ba. Ya ce ɗazu yana bayan raga ya ga ƙwallo ya fashe a dugadugin takalmin Madimetja a bayan suri, ba alƙali, ba kowa, ɗan ɗigon da ciyawa za ta share, amma ya ga ya yi tsaki ya ɗaga hannu ya fita, me ya sa? Madimetja ya ce, “Haba Malam, a nan in ka goge fenti ai ka gama yawo, ba mai sake yarda da kai. Kuma shi Lesiba ba ya zagi ba ya duka, kallonka kawai zai yi, ka ji ka tsani kanka.” Hedimasta ya juya ƙashi a faranti. Sannan ya ce ya yi rayuwarsa da bulala da tsawa yana neman yaro ɗaya da zai miƙe ya ce ni ne, da ƙyar ya samu, yau ga ƙarti suna yi don kansu. Ya juya ya dubi ɗansa ido cikin ido, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce, “Ashe ba koyarwa ka bari ba, aji ka canja.”

Lesiba ya sunkuyar da kai. Uban ne ya cece shi, ya nuna baƙar doguwar da ke jingine ya ce wannan jaki ne ba bindiga ba, wace iri ya kamata ya saya tun farko? Sesi, tun da aka fara rigimar nan wannan ce tambayar farko da ya yi wa yaron yana neman amsa. Lesiba ya tashi ya shiga kwantenar da yake ajiye kaya, ya fito da wata tsohuwa duk ta kakkarce, irin tawa mai sauƙi, wadda ya fara saya tun yana ɗalibi ya ɓoye ta a gidan Phetole don kada a gani. Ya ce kada ya sayi komai tukuna, ya riƙe wannan ya gwada. Hedimasta ya ɗora ta a kafaɗa ya zagaya wutar da ita, ya ce ba laifi. Daga nan sai ya kira ni da sunan kirarina, ya ce, “Boledi, kira mini yayanki.” Na ba shi wayar. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, “Phetole, an karɓo kwat ɗin nan daga wanki? To ka shirya.” Muciya ta faɗi daga hannun Mapula, ta ruga bayan kwantena, sai da na je na rarraso ta.

To kin ji. Masu neman aure za su tafi Asabar ɗin da ke gaban Ista, mahaifin Mapula ya amsa da farin ciki, maganar Durban ta mutu. In komai ya tafi daidai biki sai Disamba, don haka ki fara neman hutu tun yanzu, kada ki ce ban gaya miki da wuri ba. Ki taho da takalmin da ba kya jin tausayinsa, akwai tayar tarakta da na tanadar miki kusa da tawa, gwiwa ba hujja ba ce. Baƙar doguwar tana rataye a filin, masu zuwa ɗaukar hoto suna rububinta. Ranar Lahadi kuwa, a karo na farko tun da na san shi, Hedimasta ya je coci da riga mai gajeren hannu. Ana fitowa ya tare matar fasto, ya ɗaga dantse ya nuna mata zagayen da na yi masa, ya ce ta tara dattawan nan su zo gidan, yanzu an san wanda ake duka.

Yau ma can ya tafi, wai allon dokokin Lesiba rubutunsa ya karkace, zai sake masa. Jiya da la'asar na leƙa ta tagar kicin na gan su su biyu a baranda, sun baje tsohuwar bindigar a kan jarida, kawunansu a haɗe, Lesiba na nuna masa inda ake ɗiga mai, shi kuwa yana cewa a sake nuna masa, bai gane ba. Na tsaya ina kallonsu har ruwan shayi ya kusa ƙonewa. Na share idona da gefen zane, na zuba musu, na mayar masa da sukarinsa.

Ki gaishe mini da maigidanki Makgale, ki ce masa mun gode da addu'o'i. Ki rungume mini Tebatso da Mahlatse, su dage da karatu, su kuma riƙa yin yarenmu a gida kafin kakarsu ta ji su ta yi faɗa. Mma tana gaishe ku, ta ce ki aiko mata da hular sanyi mai ruwan toka. Phetole da matarsa suna gaisuwa, Lesiba da Mapula ma haka, Hedimasta ya bar saƙo in ce yana jiran ki a fili. Ubangiji ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki kullum,
Ramokone